Daga Maikunkele Zuwa Sauka-ka-huta: Yadda Ake Yanka Gaɓa da Gane Karin Harɗaɗɗiyar Kalma

Malamin da ke koyar da karatun Hausa a Maikunkele, ko Beji, ko Tudun Fulani, yana ɗauke da wani nauyi da takwaransa na cikin birnin Kano bai cika sani ba. Yaran da ke zaune a gabansa ba duka ne suka tashi da Hausa a gida ba. Ga ɗan Gbagyi, ga Banufe, ga Bafulatani, ga ɗan ma'aikacin da aiki ya kawo Minna daga kudu. Dukansu suna jin Hausar kasuwa da ta filin wasa, amma rubutun bokon da muke miƙa musu yana ɓoye abu biyu da Bahaushe ke kamawa da kunne ba tare da an gaya masa ba: tsawon wasali da karin sauti. Bahaushe in ya ga "gari" a cikin jimla, ya san ko na tuwo ne ko na zama. Wanda ya koyi harshen daga baya kuwa sai an nuna masa. Hanyar nunawar ita ce a yanka kalma gaɓa-gaɓa, a auna nauyin kowace gaɓa, sannan a saurari hawa da saukar murya a kanta. Da kai nake, malam, da ke malama, ko da yake mai karanta labarai a rediyo da mai tsara waƙa da mai rubuta allon shago duk ba za su rasa abin ɗauka ba.

Wannan ɓoyo ya daɗe. A 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da boko, a zamanin da gwamnatin Arewa ke zaune a Zungeru, inda hanyar da ta ratsa Maikunkele take kaiwa. A shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, lokacin da Rupert East ke jan ragamar aikin talifi a Zariya. Da wannan rubutu Abubakar Imam, haifaffen Kagara a nan Jihar Neja, ya fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ba a sa wa rubutun yau da kullum alamar kari ko ta tsawon wasali ba, kuma a ganina an yi daidai, domin jarida mai cike da alamomi takan gajiyar da ido. Sai dai abin da takarda ta ajiye, bakin malami ne zai ɗauka. Yaron da ya yi karatun allo yana da ɗan fifiko a nan, tunda ajami yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya. Ka yi amfani da wannan sani nasa.

Siffa uku, ba ta huɗu

Gaɓar Hausa siffa uku gare ta. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar ci da ma-ce. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar sha da kai da yau. Akwai kuma baƙi da wasali da wani baƙi a rufe, kamar nan da can da gaɓar farko ta han-ya. Masu nazari suna taƙaita su da BW da BWW da BWB. Ta farko ita ce marar nauyi, biyun ƙarshe masu nauyi ne.

Daga nan dokokin yanka suke fitowa da kansu. Kowace gaɓa da baƙi take farawa. In baƙi ɗaya ne tsakanin wasula biyu, na gaɓar gaba ne: ga-ri, ba gar-i ba. In baƙaƙe biyu ne, sai a raba su, ɗaya ya rufe ta baya, ɗaya ya buɗe ta gaba: kas-ko, gir-ma, san-yi, ƙar-ya. Ka rubuta sunan garin nan a allo ka sa yara su tafa: Mai-kun-ke-le, tafi huɗu. Mai tana da tagwan wasali, kun rufaffiya ce, ke da le buɗaɗɗu ne. Ka bi da Mai-tum-bi, da Zun-ge-ru, da Bos-so, da Min-na. Sunan da yaro ke ji kullum a bakin ɗan acaɓa ya fi saurin shiga kansa bisa kalmar littafi.

Bosso da Minna sun kawo mu ga baƙi mai ƙarfi, wanda masu ajami ke ɗora wa shadda. A nan yaran da Hausa ba harshen gidansu ba ce suka fi tuntuɓe, domin sukan sassauta shi ya koma baƙi ɗaya. Ka jera musu mana da manna, kala da kalla, baba da babba. Su riƙe harshe a wurin na ɗan lokaci kafin su saki: man-na, kal-la, bab-ba. In yaro ya iya jin tsayawar nan, zai daina rubuta "hanu" da "kune".

Haruffa biyu, sauti ɗaya

Dokar raba baƙaƙe biyu tana da tarko, domin ido yakan ga biyu a inda baki ke furta ɗaya. Sh da ts da ky da gy da ƙy da kw da gw da ƙw da fy da 'y duk baƙi ɗaya-ɗaya ne, ba a tsaga su. Saboda haka ba-kwai ne, ba bak-wai ba; ta-kwas, ha-tsi, a-kwa-ti, ƙo-shi. Amma ny da ry da rw ba sa cikin wannan jeri, shi ya sa ake yanka kun-ya da gar-wa a tsakiya. In irin wannan baƙi mai goyo ya zo da ƙarfi, harafin farko kaɗai ake ninkawa, a yanka bayansa: Sak-kwa-to, kyak-kya-wa, tsat-tsa-fi, ƙwaƙ-ƙwa-ra. Akwai kuma inda s da h suke haɗuwa alhali kowa zaman kansa yake, sai a sa alama a tsakani don kada a karanta sh: Is'haƙu, wato Is-ha-ƙu.

Gbagyi da Nufanci suna da nasu baƙaƙen masu haruffa biyu da Hausa ba ta da su, kp da gb, waɗanda ake furtawa da leɓɓa da bayan harshe a lokaci guda. Unguwannin Minna suna ɗauke da su. Kpa-kun-gu gaɓa uku ce. Fa-di-kpe ake yankawa, ba Fa-dik-pe ba. In ka iso nan, ka ba yaran Gbagyi dama su furta, sauran su bi su. Sunan garin mutane ne, su ya kamata a ji.

Sai hamza, baƙin da ba a rubuta shi a farkon kalma amma yana nan. Ido da uwa da aiki ba da wasali suke farawa ba, da ɗan maƙalewar maƙogwaro suke farawa. A tsakiyar kalma kuwa dole a rubuta shi: sa-'a, ja-ma-'a, ma-'ai-ka-ci, jam-'iy-ya. Amfanin sanin haka ya fi fitowa in kalmomi biyu suka manne. Ɗan da uwa sun haɗu sun ba da ɗan'uwa, kuma ɗan-'u-wa ake yankawa. Wanda ya jefar da hamzar zai karanta ɗa-nu-wa, kalmar da babu ita. Haka 'yar-'u-wa.

Kalmomin aro ma sai sun bi wannan ƙofa kafin su shigo. Turanci yana yarda baƙaƙe biyu ko uku su taru a farkon kalma, Hausa ba ta yarda, sai ta cusa wasali a tsakani: bu-ro-di, di-re-ba, fi-ra-ma-re, fu-lo-ti. Bariki ma kalmar aro ce, kuma unguwar da alluna ke rubutawa Barkin Sale, cikakkiyar siffarta Ba-ri-kin Sa-le ce.

Nauyi, da abin da mahaɗi ke yi masa

Daga yanzu zan ninka wasali in dogo ne, kamar yadda masu nahawu ke yi. Wannan na allo ne kawai, kada yaro ya kai shi cikin wasiƙa. Garii na zama, gaarii na tuwo. Dafaa abinci, daafaa bango. Duka na jimla, duukaa na sanda. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba gaɓa marar nauyi bugu ɗaya a kan tebur, mai nauyi bugu biyu. Da wannan ma'auni mawaƙan rubutacciyar waƙa irin su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu suka gina baitocinsu, suna jera masu nauyi da marasa nauyi bisa tsari, don haka ɗalibin da ya ƙware a nan ya rage wa kansa rabin wahalar aruli.

Tsawon wasalin ƙarshen kalma ya fi wuyar ji. Ga dabara: gajeren wasali in aka tsaya a kansa yakan katse da 'yar hamza, dogo kuwa yakan sulale. Ka ce baaƙoo, wanda ya zo daga tafiya, sannan ka kira mai suna Baaƙo. Ka ce doogoo, ka kira Doogo. Ka ce gidaa, sannan ka ce ya tafi gida. Ka riƙe wannan gajartawa ta sunayen mutane a ranka, za mu sake cin karo da ita.

Hausa ba ta barin dogon wasali a cikin rufaffiyar gaɓa. Da zarar mahaɗi, wato -n ko -r, ya rufe gaɓa, wasalin sai ya gajarce. Gidaa ya zama gidan a Gidan Kwano, raafii ya zama raafin a Rafin Yashi, tuduu ya zama tudun, kaasuwaa ta zama kaasuwar. Tagwan wasali ma rabinsa yake zubarwa: mai ya koma man gyaɗa, rai ya koma ransa, kai ya koma kansa, kyau ya koma kyan gani. E da o kuwa in suka gajarce a haka sukan karkata zuwa a, shi ya sa kunne ke jin kamar "Dutsan Kura" alhali Dutsen Kura ake rubutawa, tunda tushen kalmar dutse ne. Mahaɗin kansa yakan nashe cikin baƙin da ke biye da shi. Baki yana cewa "Tudum Fulani" da "Gidam Mangoro", alƙalami yana rubuta n. A cikin kalma ɗaya ne kawai ake rubuta m kafin b da ɓ da f da m, kamar tambaya da kumfa.

A Minna za ka ga an rubuta Angwan Daji, haka kuma mutane da yawa ke faɗi. Daidaitacciyar Hausa Unguwar Daji take cewa: un-gu-war, gaɓa uku, da -r saboda unguwa mace ce. Kada ka kunyata yaro a kan Hausar da ya ji a gida. Ka rubuta su biyun gefe da gefe, ka ce wannan ta hira ce, wannan ta takarda da jarrabawa.

Hawa da saukar murya

Kari uku ne: sama, ƙasa, da faɗau, wanda ke farawa sama ya gangaro a kan gaɓa ɗaya. Na sama ba a sa masa alama, na ƙasa ana sa masa karkatacciyar sanda (à), faɗau kuma 'yar hula (â). Faɗau ba ya hawa gaɓa marar nauyi, sai mai nauyi: kâi, mâi, yâu, yâaraa. Ka ga dalilin da ya sa awon nauyi ya riga sauraren kari.

Ka zaɓi kalmomi huɗu su zama ma'auni a aji, ka rubuta su a saman allo su zauna har ƙarshen zango: gidaa (sama-sama), yaaròo (sama-ƙasa), rìigaa (ƙasa-sama), màcè (ƙasa-ƙasa). Duk sabuwar kalma mai gaɓa biyu, yara su furta ta da baki rufe, muryar kawai ke fita ta hanci, su ga da wacce ta yi kama. Kuukaa na hawaye yana bin gida, kuukàa ta miya tana bin yaro. Wuyàa na jiki yana bin yaro, wùyaa ta wahala tana bin riga. In akwai makaɗin kalangu a kusa, ka roƙe shi ya zo rana ɗaya, domin matsa tsarkiya da sakinta da yake yi wannan hawa da saukar yake bi.

Akwai gwajin da ya fi wannan tabbas. Ne da ce kullum suna ɗaukar kishiyar karin gaɓar da suka biyo. In kalma ta ƙare sama, su sauka; in ta ƙare ƙasa, su hau. Gidaa nèe, amma yaaròo nee. Rìigaa cèe, amma mootàa cee. Kai nèe, in da mutum ake. Kâi nee, in na wuya ake nufi, tunda faɗau ƙasa yake ƙarewa. Duk sanda ka yi shakkar ƙarshen kalma, liƙa mata ne ko ce ka saurara.

Abu ɗaya za ka kiyaye: kada ka auna kari a ƙarshen doguwar jimla. Muryar Bahaushe gangarowa take yi daga farkon zance zuwa ƙarshe, har sama ta ƙarshe takan yi ƙasa da sama ta farko, tambaya kuma takan ɗaga ƙarshen. Ka ciro kalmar ita kaɗai, ko ka sa ta a gajeriyar jimla.

Kari ba a ƙamus kaɗai yake aiki ba, har cikin nahawu. "Ya zo" a rubuce abu ɗaya ne, a baki kuwa yaa zoo ya riga ya iso, yà zoo umarni ne a isar masa, yâa zoo alkawari ne na nan gaba. Gidan Audu sama yake ƙarewa, amma "na ga gidân", wanda aka riga aka ambata, faɗau ne. Mai karanta sanarwa a rediyo da ya kuskure wannan ya sauya saƙon da aka ba shi. Yaran Nupe da Gbagyi ba baƙin kari ba ne, harsunansu ma da shi suke aiki, Nufanci har hawa uku gare shi, sama da tsakiya da ƙasa. Kunnensu a shirye yake. Abin da suke bukata shi ne a gaya musu cewa abin nan da suka sani a gida yana nan a Hausa.

Harɗaɗɗiyar kalma

Harɗaɗɗiyar kalma ita ce kalmomi biyu ko fiye da suka haɗu suka zama sunan abu ɗaya. Kowane harshe da yadda yake shaida wa mai sauraro cewa haɗin ya ƙullu. Mutanen Holan a manne suke rubuta nasu, ba tazara, kuma galibi gaɓar sashen farko suke dannawa da ƙarfi, kamar voetbal, daga voet, ƙafa, da bal, ƙwallo. Wajen yanka, mahaɗar kalmomin suke fara nema, domin in aka kuskure ta ma'ana ta tafi: val-kuil ramin tarko ne, valk-uil kuwa shaho da mujiya ne aka haɗa. Dannawar ma takan raba ma'ana, voorkomen in an danna farko aukuwa ce, in an danna tsakiya hanawa ce. Turanci ma da dannawa yake aiki, kuma daga can ɗalibanmu ke kwaso ta su ɗora wa Hausa. Hausa ba ta zaɓar gaɓa ɗaya ta danne. Kowace gaɓa da karinta, kuma alamar haɗi iri biyu ce: sashen farko ya sauka ƙasa, wasalin ƙarshe ya gajarce.

Dubi aikatau mai gaɓa biyu. A jimla ana cewa ta dafà dukà, da na sama, fa na ƙasa. A sunan abinci kuwa dàfà-dukà, duka gaɓoɓin aikatau sun sauka. Ya hanà sallàa zance ne. Hànà-sallà hula ce, kuma ka lura wasalin salla ya gajarce. Labari ya gamà gàrii; abu ya zama gàmà-gàri. Haka fàsà-ƙwàuri, haka hànà-ƙarya, gashin nan na ƙarƙashin leɓe. Aikatau mai gaɓa uku ma gaba ɗaya yake kwantawa, kamar farkon tattaɓa-kunne. Mai gaɓa ɗaya kuwa sauka yake yi ya kuma yi tsawo ko da gajere ne a asali: bi ya zama bìi a bìi-bango, ci ya zama cìi a cìi-raani, shaa ya zama shàa a shàa-raaɓa. Bangoo da raanii da raaɓaa duk dogaye ne in suna zaman kansu, duk sun gajarce a nan. Wannan ita ce gajartawar da muka gani a Baaƙo da Doogo: kalma ta bar aikinta na yau da kullum ta zama laƙabin wani abu.

Ba aikatau kaɗai ke yin haka ba. Jan bàakii baki ne da ya yi ja. Jàn-bàaki abin kwalliya ne. Gaashìn bàakii kowane gashi ne da ke bakin. Gàashìn-bàaki shi ne wanda namiji ke tsayarwa. Na fi son a fara darasin da jan-baki, domin yara mata sun san shi, kuma bambancin yana fita sarai.

Wani rukunin jimla ce sukutum aka mai da suna, sau da yawa aikatau na farko yana cikin siffar umarni, wato ƙasa-sama. Faaɗì a jimla sama-ƙasa ne, amma fàaɗi-kà-mutù, tangaran, ya juye. Bar-ni-da-mugu da ka-ce-na-ce da a-ci-balbal da a-kori-kura duk jimloli ne. Minna tana da nata a taswira: Sàuka-kà-huutà, gaɓa biyar, ƙasa-sama-ƙasa-sama-ƙasa, kalmomi uku. A alluna da takardu "Sauka Kahuta" ake gani, an manne ka da huta. Sunan wuri yakan daskare yadda aka saba rubuta shi, ba kuma aikin malami ba ne ya bi gari yana goge alluna. Amma a aji ka warware shi, domin ka wakilin suna ne, ƙa'ida ba ta yarda a liƙa shi da aikatau ba, kuma wannan mannewa ita ce kuskuren da ya fi yawa a rubutun ɗalibai: "yazo", "natafi", "kaci".

Kada ka ɗauka kowace harɗaɗɗiyar kalma sai ta sauya kari. Da yawa daga masu mahaɗi a tsakiya ba sa motsi ko kaɗan: jirgin sama irin wanda ke sauka a filin Maikunkele, ɗan sanda, farin jini, baƙin ciki, farar hula. A-kori-kura ma ta bar wa kura dogon wasalinta. Irin waɗannan da wasu gwaje-gwaje ake kama su. Na farko, ka gwada cusa wata kalma a tsakiya. In ma'anar ta watse, haɗin ya ƙullu. "Farin jini" farin jini ne, "farin sabon jini" ba kowa ke nufi ba. Na biyu, jam'i. Huluna masu fari fararen huluna ne, amma mutanen da ba soja ba fararen hula ne, hular ba ta motsa ba. Wanda ke son zurfafawa, Mustapha Ahmad ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan harɗaɗɗun kalmomin Hausa a Jami'ar Indiana a 1994, Joseph McIntyre kuma ya fitar da littafi a kan masu aikatau a 2006, ban da babban nahawun Paul Newman na 2000. Da Hausa kuwa akwai Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na M.A.Z. Sani.

Karan ɗori da ƙarshen layi

Karan ɗori shi ne ɗan abin da rubutun yau da kullum ya bar mana don nuna haɗi. Harɗaɗɗun kalmomi masu aikatau da shi ake rubuta su, tsakanin kowace kalma da 'yar'uwarta: dafa-duka, faɗi-ka-mutu, riga-kafi. Haka kalmomin da aka maimaita, irin su maza-maza da fari-fari da ruwa-ruwa. Masu mahaɗi da ba su sauya furuci ba, a ware ake barin su ba kara: jirgin sama, ɗan sanda. Marubuta sun sha bamban a kan irin su jan-baki. Ra'ayina shi ne a bi kunne: inda kari ya sauka ko wasali ya gajarce, a sa kara, domin shi kaɗai zai gaya wa mai karatu yadda zai furta. Wasu kuma sun daɗe da narkewa har an daina ganin ɗinkin, kamar jagora da maigida, sai a bar su a manne.

In layi ya ƙare kalma ba ta ƙare ba, a kan iyakar gaɓa ake karya ta. Ba a raba sh ko ts ko kw, ba a kuma barin hamza a baya, da gaɓarta take tafiya. Harɗaɗɗiyar kalma a kan karan da ke jikinta ake karyawa: tattaɓa- a sama, kunne a ƙasa. Mai buga takarda a kwamfuta ya kashe karyawar da na'ura ke yi da kanta, domin da dokar Turanci take yanka, sai ka ga bak- a wani layi, wai a wani.

Yadda za a jera darasin

Kada ka zuba duka a rana ɗaya. Makonnin farko tafi kawai, da sunayen yara da na unguwanni. In tafi ya zauna, a koma rubuta B da W a ƙarƙashin kowane harafi, a nan ne baƙaƙe masu goyo da hamza za su bayyana. Bayan haka bugun tebur don nauyi, sannan kalmomin ma'auni huɗu da gwajin ne da ce. Harɗaɗɗiyar kalma ita ce ta ƙarshe, domin tana bukatar duk waɗannan a hannu, kuma 'yan aji biyar da shida da na ƙaramar sakandare ne suka fi cin moriyarta. Minti goma a farkon kowane darasi ya fi awa guda sau ɗaya a wata.

Kafin ka shiga aji, ka duba kalmomin da za ka yi amfani da su. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 duk suna nuna kari da tsawon wasali, ko da yake alamominsu sun bambanta, sai ka karanta bayanin farkon littafin tukuna. In ƙamus ya saɓa da abin da kunnenka ke ji a bakin dattijon da ya taso daga Sakkwato ko Katsina, sau da yawa bambancin karin harshe ne, tunda ƙamusoshin sun fi bin Kananci. Ka koyar da na ƙamus, ka ambaci ɗayan.

Wajen shifta, ka riƙa ba da jimloli bibbiyu masu kama da juna. "Ta dafa duka shinkafar" da "Ta ci dafa-duka". "Ruwa ya bi bango" da "Bi-bango ya ɓata ɗakin". "Yaron yana da jan baki" da "Ta sayi jan-baki". Ka karanta kowace sau biyu, a muryar hira, ba tare da ka ja gaɓa fiye da kima ba. Wajen duba takardu ka ware maki ɗaya na yanka gaɓa, ɗaya na karan ɗori, ɗaya na raba wakilin suna da aikatau. Yaron da ya faɗi a karan ɗori, kafin ka ja masa jan biro ka kira shi ya karanta maka jimlolin biyu da baki. In ya bambanta su a furuci, ƙa'idar rubutu ce ta kuɓuce masa, sai ka nuna masa inda karan ke zama. In furucin iri ɗaya ya fito, ka mai da shi kan gida da yaro da riga da mace.